Wa Zai Zauna Gaban Haladu?

Shekara bakwai Haladu na Harbo
yana sarauta a kan gurbi talatin.
Ba rawani, ba tambari, sai hular saƙi,
da ɗan yatsan da ya yi kanta
saboda riƙon karan dara.

Ba kowa ke zama gabansa ba.
Sai gero ya shiga rumbu, hannu ya huta,
mu takwas mu kara, kowa da kowa
sau biyu, ran kasuwa, bayan la'asar,
daga Majiya har Sankara.

Akwai Nadabo mahauci, mai saurin hannu,
da Jatau, wanda ba ya tari sai ya ci,
da Malam Hudu mai allurar shanu,
da Isiyaku, yaro mai cajin waya,
da ko gemu bai fara ba bara.

Tsoho Badamasi ke riƙe da lissafi,
zanen gawayi a bangon shagon tela.
Wata rana akuya ta goga jikinta,
ta tafi da cin Jatau guda biyu.
Kwana tara ana rantse-rantse,
har dagaci ya sa aka ƙara.

Ni ma ina cikinsu.
Kasuwa biyar ban ga bayan kowa ba.
Uwargida ta daina yi mini gori
kan ƙasar da ke gindin wandona,
ta fara ƙara mini nono a fura.

Zama na ƙarshe, ni da yaron.
Na ga gidan da zan toshe, na ɗaga kara,
sai wani ya yi sallama ta bayana.
Na amsa. Na tambayi mutan gida.
Na sauke hannu a gidan da ke kusa.
Da ci ɗaya tak ya ɗara.

Saura wurin zama.
Haladu ya ce Harbo, aka yi dariya:
wa zai yi kokawa da kada a ruwa?
Sankara ta ɗaga hannu, aka ce sauke,
ku kuka yi wa yaron suna.
Majiya ta ce tana da tsamiya
mai inuwar mutum ɗari, da rijiya,
da tuwo ga duk baƙon da ya jira.

Sai ga takarda daga kansila:
rumfa, kujerun roba, lasifika,
rago biyu, buhun shinkafa, man babur.
Dattawa tara ne. Bakwai suka kalli ƙasa,
suka ɗaga hannu, aka ce Aujara.

Al'ada ce, na biyu shi ke haƙa gurabe.
Na yi sammako da guntun ƙarfena a aljihu.
Na tarar da fili sumul kamar faranti,
an shafe shi da siminti, an yi fenti,
ko tururuwa ba ta da inda za ta fara.

Yaron kansila ya kawo alli,
wai a zana gidajen, ai duk ɗaya ne.
Haladu ya cire hula, ya sosa ƙeya,
ya ce, ɗana, kafa mini wannan a zane.
Ya miƙa masa kara.

Muka zagaya bayan katanga
inda mata ke sussuka, gindin ɗorawa.
Jama'a suka biyo mu da ƙafa.
Can baya lasifika na ta yi wa kujeru
barka da zuwa, ba mai saurara.

Na durƙusa na haƙa, shida sau biyar.
Da na zo na huɗu a layi na uku
na gane shi. Hannuna ya tsaya.
Na zurfafa shi fiye da sauran,
na hure ƙasar, na koma gefe.
Yaron ya zauna, gwiwarsa na rawa.
Haladu ya ce, bismillah, kai ne baƙo,
kai za ka fara.